Yadda Ake Shigar da Bidiyon Babbar Kyamara Cikin Manhajar Editin Ba Tare da Asara Ba

Yawancinmu a waya muka koyi editin. Ka ɗauki bidiyo, ka buɗe CapCut ko KineMaster, ka taɓa shi a galari ya shigo, shi ke nan sai aiki. Hannu ya saba da haka, har mutum ya ɗauka ko'ina haka abin yake. Sai ranar da wani ya ga aikinka a TikTok ya yaba, ya miƙo maka katin memori daga babbar kyamara ya ce a haɗa masa bidiyon biki. Ka sa katin a laftof, maimakon bidiyo sai ka ga folda cikin folda, da fayiloli masu sunaye irin su MTS da MXF da CPI waɗanda ba ka taɓa jin labarinsu ba.

Ni ma haka ta faru da ni, kuma na ci kuɗin makaranta da tsada. Wani abokina mai ɗaukar bukukuwa ya kawo mini kati biyu daga kyamararsa, ɗaya na ɗaurin aure da safe, ɗaya na dina da dare. Na sa na farko, na yi ta tono har na kai inda bidiyoyin suke, na kwashe su na zuba a folda ɗaya. Na sa na biyu, na zuba nasa a wannan foldar dai. Windows ta tsayar da ni tana tambaya a kan wasu fayiloli masu suna iri ɗaya, ni kuwa ina sauri, na danna Replace ban karanta ba. Ya karɓi katunansa, ya yi musu fomat, ya tafi wani bikin. Bayan kwana biyu na zauna aiki, na tarar bidiyoyin dina sun hau kan bidiyoyin farko na ɗaurin aure sun shafe su. Siga da addu'ar liman duk suna cikin waɗanda suka tafi, ɗaurin aure kuwa ba a sake shi don mai editin ya yi kuskure.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, irin wannan kyamarar duk katin da aka yi wa fomat daga 00000.MTS take fara ƙirga sunaye. Kati goma, 00000.MTS goma.

Me ke cikin katin?

Waya tana ajiye kowane bidiyo a fayil ɗaya tilo, hoto da sauti da bayanansa duk a dunƙule. Babbar kyamara kuwa katin gaba ɗaya take ɗauka a matsayin kundi guda. Bidiyon yana wani wuri, bayanin da ke cewa wane fayil ne ke bin wane yana wani wuri, wani lokacin ma sautin yana can gefe shi kaɗai.

Wanda za ka fi cin karo da shi a wajen masu ɗaukar biki da wa'azi shi ne AVCHD, tsarin da Sony da Panasonic suka fitar tare a 2006. Kyamarori irin su Sony HXR-MC2500 da HXR-NX100 duk suna ɗauka da shi. In ka buɗe katin za ka ga folda mai suna PRIVATE, a cikinta AVCHD, a cikinta BDMV, sannan STREAM, inda fayilolin MTS suke. Kusa da STREAM akwai CLIPINF da PLAYLIST, cike da 'yan ƙananan fayiloli waɗanda ko ka danna su ba sa buɗewa. Su ne mutane ke watsarwa suna ganin shara ce, alhali su ne fihirisar kundin. A kwamfutar Mac ma foldar AVCHD ɗin fitowa take kamar fayil ɗaya, sai ka danna dama ka zaɓi Show Package Contents kafin ka ga cikinta.

Sababbin kyamarorin Sony suna da XAVC S, wanda ke ajiye fayilolin MP4 a PRIVATE, M4ROOT, CLIP, da sunaye irin su C0001.MP4, kowanne da ɗan fayil ɗin XML a gefensa. Manyansu kuma, waɗanda gidajen talabijin ke amfani da su, MXF suke rubutawa a folda mai suna XDROOT. Tsofaffin XDCAM EX suna da BPAV. Kyamarorin Canon XF suna da CONTENTS.

Amma wanda ya fi kowa hukunta mai tsince-tsince shi ne P2 na Panasonic, wanda ya fito tun 2004. A katin P2 na asali akwai folda CONTENTS, a cikinta akwai VIDEO da AUDIO da CLIP da wasu. Hoton yana VIDEO ba sauti ko kaɗan. Sautin yana AUDIO, kuma kowane layin sauti fayil ɗinsa daban, ta yadda ɗauka ɗaya za ta iya zama fayil ɗin hoto guda da na sauti huɗu. Fayil ɗin XML da ke cikin CLIP ne yake ɗaure su wuri ɗaya. Wanda ya kwashi VIDEO kawai ya mayar da kati, ya kwashi fim ɗin kurame.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa fihirisar nan take da amfani. Katin SD mai girman 32GB zuwa ƙasa, wato SDHC, da tsarin FAT32 yake aiki, shi kuwa FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB. Don haka idan mai kyamara ya danna rikodin ya bar shi yana tafiya, kyamarar da kanta take yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, wasu a 2GB wasu a kusan 4GB, ta ci gaba a sabon fayil ba tare da ta tsaya ba. AVCHD mai inganci yana cin megabit 24 a sakan, wato megabait 3. Ka lissafa: 2GB zai cika cikin minti 11 da 'yan kai. Jawabin minti arba'in zai iya zama fayil huɗu ke nan.

Matsalar ita ce yankan ba ya duba inda hoto ko kalma ta ƙare. Inda ma'aunin ya cika nan ake sara. In ka jawo gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya ka jera su, a kowace mahaɗa za ka ji sauti ya ɗan ɗauke, ko hoto ya yi tsalle. A wajen rawa ba wanda zai lura. A tsakiyar karatun malami ko jawabin uban amarya, kowa zai ji.

Kwafa tukuna, kuma duka

Ga yadda nake yi yanzu, ba na tsallake ko ɗaya.

Kafin katin ya shiga kwamfuta, akwai ɗan maɓalli a gefensa na hagu. Ka ja shi ƙasa zuwa Lock. Wannan yana hana kwamfuta rubuta komai a kansa, har da ƙwayoyin cutar nan da ke mayar da folda ta zama shotkot, waɗanda duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya san su.

Sannan ka buɗe sabuwar folda a had disk, kowane kati da tasa: Daurin-aure_Kati-A, Dina_Kati-B. Ni nakan fara sunan da kwanan wata, shekara sannan wata sannan rana, domin su jeru da kansu. Nakan kuma guje wa haruffa masu lanƙwasa da tazara a sunayen folda, saboda na sha ganin tsofaffin manhajoji suna tuntuɓe a kansu. A cikin wannan foldar za ka zuba duk abin da ke katin tun daga farkonsa, yadda ka same shi. Kada ka zaɓa, kada ka canza wa fayil ko ɗaya suna a ciki, domin fihirisar da sunayen take gane su. Foldar waje ita ce taka, ka sa mata sunan da ka ga dama. Kuma Copy ake yi. Wanda ya yi Cut, NEPA ta ɗauke wuta ko kebul ya motsa a tsakiyar aiki, sai ya rasa wanne ya tafi wanne ya saura.

Bayan an gama, ka tabbatar kwafin ya cika. Mafi sauƙi shi ne ka duba Properties na katin da na foldar, ka ga yawan fayiloli da girmansu sun zo daidai. Wanda ya fi wannan shi ne amfani da manhajar da ke tantancewa, irin su TeraCopy, ko Clone Tool da ke shafin Media na DaVinci Resolve. Abin da suke yi shi ne su lissafa wata doguwar lamba daga abin da ke cikin fayil ɗin asali, su sake lissafa ta daga kwafin. Ko bit ɗaya ne ya sauya, lambobin ba za su zo ɗaya ba. Mu masu rubuta manhaja kullum da wannan muke tantance abin da muka sauko da shi, kuma ban ga dalilin da zai sa bidiyon auren mutum ya kasa samun wannan gatan ba.

Daga nan ka sake kwafa a wuri na biyu, wani had disk daban. Folda biyu a disk ɗaya kwafi ɗaya ne, ranar da disk ɗin ya faɗi tare za su tafi. Sai bayan wannan za ka ce wa mai kyamara ya yi fomat.

Ɗan tsokaci a kan kad rida: sayi mai USB 3.0, ka sa shi a ramin da cikinsa shuɗi ne. Tsohon USB 2.0 da ƙyar yake wuce megabait 35 a sakan, katin 64GB da ya cika zai ci maka rabin awa ko fiye. Kuma kada ka yi editin kai tsaye daga kati. Manhajar editin ba ta haɗiye bidiyo, adireshinsa kawai take riƙewa. Kana cire katin sai ka ga jan allo, Media Offline.

Mazubi daban, abin ciki daban

Kafin ka shigar da komai, ka san me ke hannunka. Haruffan ƙarshen sunan fayil, MP4 ko MOV ko MXF ko MTS, mazubi kawai suke nunawa. Yadda aka matse hoton da ke ciki shi ake kira kodek. Kula ɗaya ce, yau tuwo a ciki gobe shinkafa. MP4 na wayarka yawanci H.264 ko H.265 ne a ciki. MP4 na tsohuwar XDCAM EX kuwa MPEG-2 ne. Shi ya sa za ka ga manhaja ta buɗe wannan MP4 ɗin ta ƙi wancan, mutum ya yi ta mamaki. Shi ya sa kuma goge MTS a rubuta MP4 a sunan fayil ba ya gyara komai, lakabin kular kawai ka canza.

Akwai manhajar kyauta mai suna MediaInfo, tana kwamfuta tana Android. Ka buɗe fayil ɗaya da ita ka duba abu biyar: kodek ɗin hoto, furem nawa a sakan, Scan type ko Progressive ne ko Interlaced, zurfin launi ko 8-bit ne ko 10-bit, da kodek ɗin sauti. Kusan duk matsalar da za ta taso nan gaba, amsarta tana cikin waɗannan biyar ɗin. Minti ɗaya ne aikin.

Shigarwa

A Adobe Premiere Pro, kada ka jawo fayilolin da linzami daga folda. Ka buɗe Media Browser, ka nuna masa foldar katin da ka kwafa. Zai karanta fihirisar, ya nuna maka ɗauka-ɗauka maimakon fayil-fayil. Jawabin nan da aka yanka huɗu zai fito guda ɗaya a haɗe, P2 kuma zai zo da sautinsa. Ka zaɓa, ka danna dama, Import. Duk wahalar kwafe katin gaba ɗaya a nan take biyanka.

Final Cut Pro a Mac shi ma yana gane tsarin katin ta tagar Import, har yana da Create Archive da ke adana katin dungurungum. A DaVinci Resolve kuma ta shafin Media ake bi a zuba a Media Pool. Da zarar ka jawo bidiyon farko zai tambaye ka ko ya daidaita saurin furem na aikin da na bidiyon. Ka tsaya ka yi tunani kafin ka amsa, domin bayan an zuba bidiyo wannan saitin na aikin kullewa yake. Kamfanonin kyamarar ma suna da nasu manhajojin duba kati, Sony tana da Catalyst Browse kyauta.

Idan manhajar da kake amfani da ita ba ta haɗa gunduwoyin AVCHD da kanta, ka haɗa su kafin ka shigar. A Windows, ka buɗe Command Prompt a cikin foldar STREAM ka rubuta:

copy /b 00003.MTS+00004.MTS+00005.MTS D:\jawabi.MTS

Wannan manna fayilolin yake yi baki da baki yadda kyamara ta sare su, ba ya taɓa ingancin hoto, kuma mahaɗar tana ɓacewa. Ka lura na tura sakamakon waje, ban ajiye shi a cikin STREAM ba. Yadda za ka gane gunduwoyin ɗauka ɗaya: za ka ga fayiloli a jere masu girma kusan iri ɗaya, 2GB ko kusan 4GB, sai na ƙarshe ƙarami. Dabarar nan ta MTS ce kawai. Ka gwada ta a kan MP4 ko MXF ka samu fayil ɗin da ba ya buɗewa.

Hoto ya zo, sauti bai zo ba

Wannan ita ce tambayar da aka fi turo mini. Idan P2 ne, ka riga ka san dalili. Idan MTS ne, ka duba MediaInfo, mai yiwuwa za ka ga AC-3, wato Dolby Digital. Premiere ya daina zuwa da nasa mai fassara wannan sautin, ya dogara da na Windows, Microsoft kuma daga Windows 11 sigar 24H2 ta daina saka shi a sabon girki. Sai ka ga VLC yana kunna sautin lafiya lau, domin shi da kayan aikinsa yake yawo, amma manhajar editin shiru. Da FFmpeg, wadda kyauta ce, layi ɗaya ne maganin:

ffmpeg -i jawabi.MTS -c:v copy -c:a pcm_s16le jawabi.mov

Ma'anarsa: bar hoton yadda yake, mayar da sautin PCM wanda kowace manhaja ke ji, zuba su a mazubin MOV. Wanda baƙin allo ke ba shi tsoro ya sauko da Shutter Encoder, FFmpeg ɗin ce dai aka sa mata maɓallai.

Akwai wata matsalar sautin da ba a cika lura da ita ba sai aiki ya fita. Manyan kyamarori suna da ramukan makirfo biyu. Mai kyamara yakan jona layi na ɗaya da mikisar mai sauti ko makirfon da ke wuyan mai magana, layi na biyu kuma makirfon kan kyamara yana kwasar hayaniyar fili. Manhaja takan ɗauke su a matsayin hagu da dama. Sakamakon: kunne ɗaya jawabi, kunne ɗaya surutun jama'a. Mutanenmu kuwa da yawa iyafis ɗaya suke sawa, wanda ya sa na dama ba zai ji komai ba sai hayaniya. Ka raba su su zama layi biyu masu zaman kansu tun kafin ka fara yanka. A Premiere yana Modify, Audio Channels. A Resolve yana Clip Attributes.

Me ya sa laftof ke cijewa?

Ga abin da ke ɗaure wa mutane kai: fayil ɗin bai da wani girma, amma da ka ja shi gaba ko baya sai kwamfuta ta sandare. Dalilin yana cikin yadda aka matse shi.

Ka tuna mai shago da littafin bashi. Ba kullum yake rubuta jimillar abin da ake binka ba. Yakan rubuta jimilla sau ɗaya, sai ya bi da "an ƙara ɗari biyu", "an rage hamsin", har zuwa wani lokaci ya sake fitar da jimilla. In kana son sanin bashinka a layi na tara, dole a koma jimillar baya a biyo lissafi. Haka AVCHD da XAVC S suke. Cikakken hoto ɗaya suke ajiyewa, sai furem goma sha wani abu da ke biye a rubuta bambancinsu kawai. Ana kiran wannan Long GOP. Yana rage cin wuri sosai, amma duk inda ka tsayar da linzami sai kwamfuta ta koma baya ta yi lissafi kafin ta nuna maka furem ɗaya. Ka ɗora bidiyo uku a kan juna, ka ƙara gyaran launi, tsohuwar Core i5 ta fara kuka. Idan kuma 10-bit 4:2:2 ne abin ya fi muni, domin yawancin laftof ɗin da muke saya na hannu ba su da sashen da ke warware shi kai tsaye, komai a kan farfesa yake sauka. Sigar kyauta ta Resolve ma takan ƙi wasu irin waɗannan fayilolin a Windows.

Ɗaya ɓangaren su ne kodek ɗin da ke ajiye kowane furem cikakke, irin su ProRes na Apple da DNxHD da DNxHR na Avid. Kwamfuta tana jin daɗinsu, had disk ne ke shan wuya. Awa ɗaya ta AVCHD a megabit 24 kusan 11GB ce. Wannan awar a ProRes 422, 1080 a furem 25, ta kai wajen 55GB. Bikin da aka ɗauki awa shida ya haura 300GB ke nan.

A ganina, ga mai ƙaramar laftof da ƙaramin disk, mayar da komai ProRes ɓarnar wuri ce. Firoksi ya fi. Firoksi wakili ne: manhaja tana yin ƙaramin kwafi mara nauyi na kowane bidiyo, ka yi duk yanke-yankenka a kansa, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. A Premiere ka zaɓi bidiyoyin, danna dama, Proxy, Create Proxies, sannan ka kunna maɓallin Toggle Proxies. A Resolve, Generate Proxy Media. Ka bar shi ya kwana yana yi in akwai wuta. Abu ɗaya: kafin ka fitar da aiki, ka tabbatar disk ɗin da ke ɗauke da na asali yana jone, kada ka miƙa wa mutane wakili a madadin mai gida.

25 ko 30, da haƙoran matsefi

Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar da Ghana 50Hz ce, tsarin talabijin ɗinmu kuma furem 25 ne a sakan. Amurka 60Hz ce, nasu 29.97. Kyamarar da aka sayo ta hannu daga can takan zo a kan nasu tsarin, shi ya sa wani lokaci za ka ga hasken fitilun zauren biki yana ƙyaftawa a bidiyo. Wannan a wajen ɗauka ake maganinsa, mai editin sai dai ya rage. Abin da ke hannunka shi ne ka saita aikin a kan saurin babbar kyamarar, sauran su bi ta. In ka zuba bidiyon 25 a aikin 30, manhaja za ta riƙa maimaita wasu furem don cike gurbi, sai ka ga motsi yana ɗingishi, musamman inda kyamara ke juyawa.

Bidiyon waya da za ka cusa a ciki yana da tasa rigimar. Waya ba ta riƙe sauri ɗaya, takan rage in haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi. A gajeren bidiyo ba komai, a dogo sai baki ya rabu da magana. Ka wuce da shi ta HandBrake ka zaɓi Constant Framerate kafin ya shiga.

In kuma MediaInfo ta ce Interlaced, ko ka ga an rubuta 50i ko 60i, to kowane furem rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta mabambanta aka saƙa su layi-layi. An yi haka ne don tsohuwar talabijin. A allon waya, duk abin da ya motsa za ka ga gefensa ya yi kamar haƙoran matsefi. Tunda aikinka YouTube da WhatsApp za shi, ka saita aikin a Progressive, ka tabbatar manhajar ta warware saƙar. Ka duba a wurin da hannu ke motsi da sauri, nan yake fara tona kansa.

Wani lokacin kuma bidiyo zai zo fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo. Bai lalace ba, da S-Log ko makamancinsa aka ɗauka don a samu sararin gyaran launi. Ka tambayi mai kyamara wanne ya saita, ka ɗora masa LUT ɗin da kamfanin ya tanada.

Wanda waya kawai gare shi fa?

Zai yiwu, amma da iyaka. Da kad rida mai bakin Type-C za ka iya kwafe katin zuwa waya, kuma dokar ba ta canza ba: foldar gaba ɗaya, kowane kati da wurinsa. XAVC S mai 8-bit, tunda MP4 ne da H.264 a ciki, sau da yawa manhajojin waya suna karɓarsa. MTS sai an yi sa'a, wani ya shigo ba sauti, wani ma galari ba za ta nuna shi ba. MXF kuwa kada ka ɓata lokacinka. Abin da ya fi shi ne ka samu mai laftof ya mayar maka da su MP4 sau ɗaya:

ffmpeg -i jawabi.MTS -vf yadif -c:v libx264 -crf 18 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 192k jawabi.mp4

Kalmar yadif ita ke cire haƙoran matsefi, in bidiyon Progressive ne sai a cire ta tare da -vf ɗin. Lambar 18 ita ce inganci, ƙaramar lamba hoto mai kyau da fayil mai nauyi. Masu son ƙwaƙwa za su iya girka FFmpeg a Android ta cikin Termux, na yi, yana aiki, amma wayar takan yi zafin da za ka ji tausayinta.

Kuma don Allah kada a turo maka bidiyon kyamara ta WhatsApp a matsayin bidiyo, matse shi yake yi ya zubar da ingancin da aka sayi kyamarar dominsa. In dole ne, a turo a matsayin Document, shi ma iyakarsa 2GB.

Idan aikin gama ya riga ya gama

In an yi wa kati fomat kafin a gane kwafin bai cika ba, abu na farko shi ne a cire shi daga kyamara a kulle shi, kada a ƙara ɗaukar ko sakan ɗaya. Fomat na sauri yawanci fihirisa yake sharewa, ainihin bayanan suna nan kwance har sai sabon bidiyo ya hau kansu. Manhajar kyauta mai suna PhotoRec tana bin katin tana tsinto fayiloli, kuma tana gane MTS. Sunayen ba za su dawo ba, wasu fayilolin za su zo a karye, kuma abin da ta tsinto a wani disk ake ajiye shi, ba a kan katin ba.

Mu ba mu samu wannan damar ba. Kafin in gano ɓarnar da na yi, abokina ya riga ya cika katin da wani bikin, PhotoRec ta kwana tana aiki ta dawo mana da amaryar wasu. Sai da muka bi 'yan uwan ango ɗaya bayan ɗaya muna tambayar wanda ya ɗauka da waya. Abin da ya shiga faifan a gurbin ɗaurin auren shi ne minti huɗu da wani ƙaninsa ya ɗauka a tsaye daga sahun baya, rabin allon hulunan mutane ne, muryar liman kuma sai an kasa kunne.